Malam Sabitu Yunusa da Bishiyar Sandal ta Katuzu

Haihuwa da asali

An haifi Malam Sabitu Yunusa a garin Nguru a shekarar 1953, a unguwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa, cikin watan Rajab kamar yadda mahaifiyarsa ta riƙa faɗa, domin ba a rubuta ranar ba. Mahaifinsa, Alhaji Yunusa, ɗan kasuwa ne mai sayen fatu da gyaɗa yana lodi zuwa Kano, kuma kakanninsa mutanen Haɗeja ne da fatauci ya kawo su suka zauna. Mahaifiyarsa, Ya Falmata, Babarbariya ce, sana'arta haɗa turaren wuta da humra, kuma a zamaninta babu amaryar da za a kai ɗaki a unguwar ba tare da kwalabenta ba. Shi ne na huɗu a wurinta, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu.

A ɗakin mahaifiyarsa ya fara sanin sandal. Itace ne da ake kawo mata guntu-guntu daga Maiduguri, wani lokaci kuma alhazan da suka bi hanyar ƙasa su zo da shi daga Sudan. Tana farfasa shi da ƙaramin gatari, ta jiƙa da madarar turare, ta toya da sukari, ƙamshin ya cika gidan har ya fita zaure. An ce tun yana ƙarami ya tambaye ta yadda ganyen wannan itace yake, ta amsa masa cewa ita ba ta taɓa gani ba, uwarta ma ba ta gani ba, kuma duk Borno ba ta san wanda ya gani ba. Ya ce mata shi zai shuka shi, wata rana ta jefa a kasko wanda ya tsiro a ƙasarsu. Ta yi dariya ta ci gaba da aikinta. Shi bai ɗauki maganar da wasa ba, kuma wannan alkawari shi ne ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa.

Karatu

Ya yi karatun allo a zauren maƙwabcinsu, ya sauke Alƙur'ani yana da shekara goma sha uku. Ya shiga firamare a makare, ya gama a 1968, amma bai wuce gaba ba, saboda mahaifinsa ya fi so ya zauna masa a rumfa. Ya zauna shekara biyar ba tare da zuciyarsa tana wurin ba. Abokan rumfa sun shaide shi da cewa ko ana tsakiyar awon gyaɗa, idan ya hangi tsiro a gindin bango sai ya tashi ya je ya duba.

Da aka yi babban fari na 1973, cinikin gyaɗa ya durƙushe, mahaifinsa ya sake shi ya nemi abin yi. Ya fara da aikin lebura a wurin renon itatuwa na ma'aikatar gandun daji, yana cika leda da ƙasa yana ban-ruwa. Ganin ƙwazonsa ya sa aka tura shi kwas na wata tara, ya dawo da takardar malamin daji, aka ɗauke shi aiki sosai a 1975 aka tura shi Gashua.

Aiki

Shekara talatin da biyar ya yi yana wannan aiki tsakanin Gashua da Jakusko da Dapchi, amma Gashua ce mazauninsa. Ya dasa darbejiya a bakin tituna da makarantu, ya reni gonakin dakwara da ake tatsar ƙaro a jikinta, ya kuma kori masu saran itace ba bisa ƙa'ida ba, ko da dangin matarsa ne.

Abu biyu aka san shi da su. Na farko tsabtar gona. Ya kasance ba ya iya wuce ciyawa ko ƙwaya ɗaya a gindin dashe bai tsuguna ya cire ta ba, kuma ya koya wa leburorinsa da 'ya'yansa cewa sare itacen banza daga sama aikin raggo ne, sai an tone saiwarsa an ƙone kututturen sannan an gama. Na biyu ƙiyayyar kauci, wato tsiron nan da ke ɗarewa a reshen bishiya ya kafa baki yana shan ruwan jikinta. Yana da doguwar gora da ya ɗaura wa lauje a kai, duk inda zai je tana ɗaure a jikin kekensa, daga baya a jikin babur. Yakan ce kauci ɓarawo ne da ke sata da rana tsaka, kuma tsiron da ba zai ci guminsa ba bai cancanci ya rayu ba. Har mata masu neman kauci don magani suka riƙa bin bayansa suna tsinta, suna cewa Allah ya kawo musu mai yi musu hawa kyauta. Daga nan sunan Maƙiyin Kauci ya bi shi, kuma bai taɓa nuna ba ya so ba.

Aure da zuriya

A shekarar 1978 ya auri Ikilima, 'yar Malam Baba na Katuzu, manomi kuma masunci daga mutanen Bade. Sun haɗu ne lokacin da aka tura shi raba dashe a garin. Ita kaɗai ya aura har ya koma ga Allah. Yana kiran ta 'Yar Katuzu, ita kuma tana kiran sa Malam. Ba ta yi karatun boko mai nisa ba, amma ta tashi a fadama, ta san shuka kamar yadda matan garinsu suka san ta: gero da wake da yakuwa da kuɓewa duk a wuri ɗaya, kowa ya ci rabonsa.

Allah ya ba su 'ya'ya shida. An haifi Zaituna a 1980, Nasrullahi a 1982, Usama a 1985, wanda ya rasu da ƙyanda kafin a yaye shi, sai Haula a 1988, Munzali a 1991, shekarar da aka ba Yobe jiha, da autarsu Afra a 1996. Ya kasance uba mai kamewa, ba ya duka, ba ya yawan magana, kuma idan ya yi kuskure yakan gyara shi da hannu amma ba ya furta shi da baki. Wannan hali iyalinsa sun san shi da shi, sun kuma saba.

Shukar farko

A 1982 ya saba da wani malami Ba'indiye da ke koyar da lissafi a wata sakandare a Gashua. Da ya ji cewa sandal a ƙasarsu yake tsirowa, sai ya roƙe shi iri. Mutumin ya tafi hutu ya dawo masa da ƙwaya arba'in a gwangwanin madara, ya ce masa shi dai lissafi ya sani, bai taɓa shuka ko albasa ba, saboda haka kada ya tambaye shi yadda ake yi.

Malam Sabitu ya tankaɗe ƙasa da rariya don kada irin ciyawa ya shiga, ya shuka a bayan gida. Goma sha bakwai suka tsiro. Ya hau mota ya tafi Nguru ya ɗauko mahaifiyarsa musamman don ta gani. Ya Falmata ta tsuguna, ta tsinki ganye ɗaya, ta murza ta kai hanci, sannan ta dube shi.

“Sabitu, Ba'indiyen nan ya yi maka wayo. Wannan ai ƙanen tafasa ne.”

“Ya, ƙamshin ba a ganye yake ba. A cikin zuciyar itacen yake, sai ya tsufa.”

“To Allah ya nuna mana. Amma ka ce masa ya yi sauri, don ni na riga shi tsufa.”

Tsiron ya kai kamu ɗaya ya tsaya. Ganyen ya fara rawaya daga ƙasa, kafin shekara ta zagayo duk suka bushe. Ya Falmata ta rasu a 1984 a Nguru, aka binne ta can. Bayan sadakar arba'in ya gaya wa matarsa cewa alkawari ba ya mutuwa don wanda aka yi wa ya mutu.

Lambun Katuzu

Ya ɗora laifin a kan ƙasar bayan gida, cewa yashi ya yi mata yawa. Surukinsa Malam Baba ya yanka masa wuri a fadamar Katuzu, ya kewaye shi da shinge. Kafin ya shuka komai ya yi wata biyu yana share wurin: ya sare bagaruwa da farar ƙaya, ya tone saiwoyinsu, ya ƙone kututture, har wurin ya zama kamar tsakar gida. Surukin ya zo ya tsaya a bakin shinge ya ce, “Malamin daji, lambu za ka yi ko filin Idi?”

Daga wannan lokaci mai kawo masa iri shi ne abokinsa na ƙuruciya, Alhaji Abdulrauf na Nguru, mai fataucin yadi, wanda harkarsa kan kai shi Indiya jefi-jefi. A daminar 1990 aka yi shuka ta biyu. Ikilima, da ta ga fili a banza tsakanin layukan, sai ta jefa wake ba tare da ta gaya masa ba, a lokacin da aiki ya riƙe shi a Jakusko kusan wata biyu. Da ya dawo ya tarar waken ya yaɗu ya rufe ƙasa, tsiron sandal kuwa ya yi kore shar fiye da duk wanda ya taɓa gani. Bai dubi koren ba, waken ya gani. Ya tsuguna ya tuge shi tas, kuma a gaban 'yan'uwanta maza ya ce mata:

“Wannan ba gonar Badawa ba ce da ake zuba komai kamar miyar taushe. Aikin ilimi ne. Kada ki ƙara sa mini hannu.”

 Ta kwashe ganyen waken ta kai wa awaki, kuma daga ranar ta daina shiga lambun, sai dai ta tsaya a bakin shinge ta miƙa masa abinci. Tsiron ya yi rawaya bayan wata uku, ya mutu da bazara. Ya ce waken ne ya riga ya shanye masa taki.

Ya sake gwadawa a 1998, suka mutu, ya ce gara ce ta cinye su. Ya sake a 2005, ya yi musu rumfar zana, ya riƙa ɗebo ruwan kogi maimakon na rijiya, duk da haka ba su haura shekara ɗaya da rabi ba. Duk lokacin da suka mutu sai ya ƙara tsananta shara, har ya riƙa bin gefen shinge da diga yana datse duk saiwar da ta ratso daga gonar maƙwabta. Alhaji Abdulrauf yakan ce masa, “Sabitu, ni fa na gaji da yi wa garar Katuzu dakon abinci daga Indiya.” Shi kuma ya amsa, “Kawo dai, ba a bakinka take ci ba.” A waɗannan shekaru an yi masa tayin ƙarin girma da zama a Damaturu har sau biyu, ya ƙi saboda lambun. Ya yi ritaya a 2010 a matsayin da bai fi wanda ya fara da shi da yawa ba.

Abin da ya gano

A 2012 Alhaji Abdulrauf ya kawo iri na ƙarshe, domin a wannan tafiyar jinya ce ta kai shi, kuma bai daɗe da dawowa ba ya rasu. Malam Sabitu ya shuka su a leda. A ƙarshen daminar aka yi ambaliya, ruwa ya shiga lambun ya kwashe ledojin. Waɗanda ya tsinto ya dasa sun bi hanyar 'yan'uwansu.

Bayan kusan shekara biyu, wata safiya yana gyaran shinge, sai ya hangi wani tsiro a waje, a cikin kurmin bagaruwa da ke kan iyakar gonar ƙanen matarsa. Ya san ganyen kamar yadda ya san tafin hannunsa. Ledar da ruwa ya jefa can ce ta fashe, tsiron ya kama ƙasa cikin ƙaya da ciyawa, ya kai masa ƙirji, ba wanda ya taɓa ba shi ruwa ko ya cire masa haki. Ya ɗauko fartanya da niyyar share gindinsa, amma ya fara tonawa a hankali da yatsa don ya ga inda saiwar ta bi. A nan ya ga 'yan ƙululu farare a jikin saiwar sandal, kowanne ya manne da saiwar bagaruwa ya kafa baki. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana ɓamɓare kauci daga reshe ba ya bukatar a gaya masa irin wannan kamu. Ya mayar da ƙasar ya rufe, ya zauna a wurin har rana ta take.

Bai yarda da idonsa ba sai da ya nemi wata malamar ilimin tsirrai a jami'a, mai suna Malama Shuhada, wadda ba ta fi 'yarsa Zaituna shekaru ba. Ta buɗe masa littafi ta yi masa bayani cewa masana sun kasa tsirrai gida-gida, kamar yadda ake kasa mutane zuriya-zuriya, kuma sandal yana da gidansa mai ɗauke da iri kusan dubu, daga bishiya har ƙananan ganyaye, kuma halin gidan ne su kama wani su sha a jikinsa. Ta ce akwai wasu nau'o'in kauci da a da ake lissafa su daban, daga baya bincike ya sa aka shigar da su cikin gidan sandal ɗin kansa, kaucin nan namu mai jan fure kamar tsinken ashana kuwa gidansa na maƙwabtaka da nasu, kakansu ɗaya. Bambancin kawai shi ne kauci a reshe yake kamawa kowa ya gani, sandal kuwa a ƙarƙashin ƙasa.

“'Yata, sake dubawa. Littafi ma yakan yi kuskure.”

“Baba, ko sau goma na duba haka zan gani. Yana ƙarami wake ko ciyawa yake kamawa, in ya girma ya nemi irin su bagaruwa. In aka share gindinsa tas, yunwa ce za ta kashe shi.”

“Wake?”

“Wake ma ai yana daga cikin waɗanda ya fi so.”

Ya tambaye ta yaushe ƙamshi ke zama a cikinsa, ta ce da wuya kafin shekara goma sha biyar, wani ma sai ashirin. Ya yi mata godiya ya fito.

Wannan magana bai gaya wa kowa ba. Shekara talatin da biyu ya yi yana kashe abin da yake so da hannunsa, kuma mace ɗaya da ta yi daidai ita ce ya kunyata a gaban 'yan'uwanta. Bakinsa ya kasa ɗaukar wannan. Sai ya yi abin da ya saba, ya gyara da hannu. Ya roƙi ƙanen matarsa ya bar masa wannan kusurwa, ya matsar da shinge ya shigar da kurmin ciki, ya ƙara dasa bagaruwa, ya bar ciyawa ta yi yadda take so. Gorar laujensa ya jingine ta a bayan ɗaki, bai ƙara ɗaukar ta ba.

Shekarun ƙarshe

Bishiyar ta rayu. Iyali da mutanen Katuzu duk sun san sandal ɗin Malam Sabitu ya kama a ƙarshe, suka ce haƙuri ne ya yi rana. A 2019 ta yi ƙananan furanni masu duhun ja. A 2022 ta fi ɗaki tsawo, gangar jikinta ta kai kaurin cinya. Kullum da hantsi yakan hau babur ya je ya zauna kusa da ita, yana lissafin shekarun da suka rage.

Amma lambun ya zama daji. Ƙaya ta rufe hanya, rassan bagaruwa suka haɗe da na sandal. Mutane suka fara magana a kasuwa da wurin suna, cewa Maƙiyin Kauci ya tsufa, ƙarfi ya ƙare, kuma yana da 'ya'ya maza amma an bar shi daji ya cinye masa bishiyar da ya yi wa bauta. Maganar tana isa kunnen Ikilima tana yi mata ciwo. Sau da yawa ta ce masa ya bar Munzali ya je da adda, shi kuwa amsarsa ɗaya ce: “Ku bar shi, 'Yar Katuzu, zan yi da kaina.” Ita ta ɗauka girman kai ne na tsohon ma'aikaci da ba ya so a ga gazawarsa.

A watan Afrilu na 2023 ciwon ƙoda ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti a Nguru, ya yi mako bakwai ana yi masa wankin ƙoda. Zaituna, wadda ke aure a can, ita ta karɓi jinyar rana, Ikilima tana zuwa tana komawa. A cikin wannan kai-komo ne ta yanke shawarar yi masa abin da zai faranta masa rai ranar da aka sallame shi. Ta aika wa danginta, ta kira gayya. Ta dafa shinkafa da busasshen kifi, ta dama kunun tsamiya tulu biyu. Maza sama da ashirin suka fito ranar wata Asabar, Munzali yana gaba, kuma suka yi aikin yadda mahaifinsa ya koya masa: suka sare bagaruwar duka, suka tone saiwoyin da diga, suka ƙone kututturan, suka share gindin bishiyar har ana iya shanya gari a wurin. Ikilima ta shiga lambun a ranar, karo na farko cikin shekara talatin da uku, ta yi sharar ƙarshe da tsintsiyarta.

An sallame shi a farkon watan Yuni. Kwana biyu da dawowa Munzali ya goya shi a babur, ita kuma ta bi su a motar kasuwa, ba wanda ya gaya masa komai. Waɗanda suka yi gayyar suna tsaye a bakin shinge suna jiran su ga fuskarsa. Ya sauka, ya dafa sanda, ya dubi bishiyar tana tsaye ita kaɗai a tsakiyar fili, ya dubi tokar kututturan ɗaya bayan ɗaya.  Sannan ya juya ya ce, “Sannunku da aiki. Allah ya yi albarka, Allah ya ba ku masu yi muku.” Suka amsa da amin, suka watse da murna.

Sai da suka koma gida bayan la'asar, ta kawo masa ruwan alwala, sannan ya ce ta zauna. Ya gaya mata komai, daga ƙululun da ya gani a saiwa har zuwa littafin Malama Shuhada. Ta saurare shi har ya gama.

“Malam, shekara tara wannan magana tana cikinka, kullum ina ajiye maka kwano a gaba?”

“Tana ciki.”

“Me ya hana ka faɗa? Kalma nawa ce?”

“Da na faɗa, sai na faɗi ta wake.”

“To da ka faɗa mana. Kashe ka zan yi? Ni ai na manta da wake tun Munzali yana goye.”

“Ba ki manta ba, tunda kin daina shiga lambun.”

 Washegari ta tafi Katuzu da ƙwaryar irin wake, ta shuka shi kewaye da gindin bishiyar, Munzali kuma ya samo 'yan dashen bagaruwa ya jera. Da damina ta sauka bishiyar ta ɗan yi toho a rassan ƙasa, suka sa rai. Amma wake ba ya ɗaukar bishiya mai shekara goma sha ɗaya, dashen kuwa saiwarsa ba ta kai ko'ina ba, ga shi diga ta datse yawancin saiwoyin sandal ɗin tare da na bagaruwa. Ganye ya fara zuba daga sama tun kaka. Kafin azumin 2024 ba sauran kore a jikinta.

A lokacin ba ya iya hawa babur. Ya sa Munzali ya sare ta ya kawo masa guntun gindin. Da aka tsaga, sai ga zuciyar a tsakiya, launin ƙasa-ƙasa, ba ta fi kaurin ɗan yatsa ba. Ya ce a kawo kasko da garwashi. Ikilima ta fere tsinke daga zuciyar ta ɗora a wuta, ta matsar masa kusa da gado. Ya rufe ido ya ja numfashi sau uku, sannan ya ce ciwon ya kashe masa hanci, ta gaya masa abin da take ji. Zaituna, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta yi wa mahaifiyarta alama da ido. Ikilima ta gani, amma ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, kuma bakinta ya riga tunaninta.

“Hayaƙi nake ji, Malam. Kamar na kowane itace.”

Ya gyaɗa kai. “Bai nuna ba ne. Da saura shekara huɗu.”

Bai ƙara tayar da maganar sandal ba.

Wafati da jana'iza

Malam Sabitu Yunusa ya rasu ranar wata Talata da hantsi, cikin watan Shawwal, daidai da ƙarshen Afrilu na 2024, a gidansa da ke Gashua, yana da shekara saba'in da ɗaya. An yi masa salla bayan azahar a ƙofar gida, aka kai shi maƙabartar garin. Tsofaffin abokan aikinsa sun zo daga Jakusko da Dapchi, dangin mahaifinsa daga Nguru da Haɗeja, mutanen Katuzu kuwa mota biyu suka cika, cikinsu har da waɗanda suka yi gayyar, waɗanda har ranar ba su san abin da addunansu suka yi ba, domin ya hana a gaya musu, ya ce alheri suka zo yi kuma a bar musu ladansu.

Ya rasu ya bar matarsa Ikilima da 'ya'ya biyar: Zaituna, tana aure a Nguru, Nasrullahi, yana sayar da hatsi a Dapchi, Haula, malamar firamare a Gashua, Munzali, direban motar kasuwa tsakanin Gashua da Katuzu, da Afra, tana aure a Jakusko. Ya bar jikoki goma sha huɗu, da itatuwan darbejiya da ba a san adadinsu ba a bakin titunan garuruwa uku.

Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya yafe masa shirun da ya yi na shekara tara. Allah ya yafe wa wadda ta kira gayya.